Sunana Ba Ya Cikin Fayil Ɗin Mahaifina

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah a ɓoye sunana, ko da yake ɓoye sunana ba baƙon abu ba ne a wurina, za ku gane in kun karanta. Don Allah ku ba ni shawara, yau kwana huɗu ke nan ban iya cin abinci ba.

Ni ce ɗiyar fari a gidanmu. Mahaifina malamin firamare ne, Malam muke ce mishi, tun ina 'yar ƙarama yake riƙe da alli, ya koyar a ƙauyukan Zurmi shekara da shekaru kafin a dawo da shi Ƙaura. Ana yaye ni yayanshi Alhaji, wanda nake ce ma Baffa, ya ɗauke ni zuwa Shinkafi, don lokacin bai samu haihuwa ba. Can na tashi, can na yi makaranta, daga gidan Baffa anka kai ni ɗakin miji. Kuma kun san halin mutanenmu da kunyar ɗan fari, to na gidanmu ya fi na kowa. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Malam ba, Inna kuwa ba a magana, in za ta kira ni sai dai "ke", in Malam zai yi zancena sai ya ce "ɗiyar Alhaji". Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba, don na san yana sona. Duk hutu sai ya hau babur ya zo Shinkafi ranar kasuwa, ya aje ma Baffa littattafai da biro ya ce a ba yara, alhali ni kaɗai ke zuwa makaranta a gidan. Ina laɓe ina kallo zai karɓi sakamakon jarrabawata a hannun Baffa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya mayar ma Baffa.

Shekara uku da sunka wuce 'yan bindiga sunka tare motar da mijina yake ciki a hanyar Zurmi, Allah Ya yi mishi rasuwa, ya bar ni da yara uku. Da na gama takaba na dawo Ƙaura gidan Malam, don Baffa ya tsufa, gidanshi kuma yanzu ya cika da ɗiyan da Allah Ya ba shi daga baya da matansu. Ina ɗan ɗinki, ina soya awara, ana rufa asiri. Lokacin ne na gane idon Malam ya yi rauni sosai, asibiti sun ce hawan jinin ido ne, ba ya komawa. Bai son a sani a makaranta, sauran shi kaɗan ya aje aiki. To ni ke rubuta mishi darasi, yana faɗa ina rubutawa, ni ke cika mishi rajista, ni ke duba takardun jarrabawar ɗalibanshi, ni ke ɗiga mishi maganin ido safe da yamma. Ƙannena shida ne, kowa yana can da hidimarshi, ban ga laifinsu ba. Wallahi waɗannan shekarun su ne mafi daɗi a rayuwata duk da maraicin da ke kaina, don ban taɓa zama kusa da mahaifina haka ba.

To sai ga maganar fansho. Kun dai ji ana ta zancen ƙudirin da ke gaban majalisa na canza tsarin fanshon malamai, wasu na cewa za a ƙara shekarun aiki, wasu na cewa za a sauya yadda ake biya, kowa da abin da ya ji a rediyo. Abin da anka bayyana ma su Malam a taro shi ne, in dokar ta wuce, malamin da ya rasu za a ci gaba da ba iyalinshi wani abu daga fanshonshi, matarshi da ɗiyan da ke karatu da ɗiya mace wadda ba ta da miji, amma sai wanda sunanshi ke cikin fayil. Dokar ba ta wuce ba tukuna, amma an ce kowa ya gyara fayil ɗinshi tun yanzu, anka raba fom. Malam ya aike ni ofis in karɓo kwafin tsohon fom ɗinshi don mu duba. Ina tsaye a bakin ofishin na buɗe, na ga sunan Inna, na ga ƙannena shida reras kowa da shekarar haihuwarshi, na juya bayan takardar ko ina can, babu. Sau uku yana sabunta fom ɗin nan a rayuwarshi, ko sau ɗaya ban shiga ba. A cikin keke napep na yi kukana na share kafin in iso gida.

Na ce wataƙila na da ne, yanzu da nake gabanshi zai gyara. Ran Laraba bayan la'asar munka zauna a zaure, na ɗauki biro, yana faɗa ina rubutawa kamar yadda munka saba. Ya fara da ƙanena mai bi min, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har auta, bai yi kuskuren shekarar kowa ba, ya tsaya. Jama'a da hannuna na rubuta sunayen nan shida. Ya ce in karanta mishi, na karanta. Sai ya ce, "Layin ya ƙare?" Na ce saura ɗaya. Sai ya ce in nuna mishi wurin sa hannu. Na kama hannunshi na ɗora, ya sa. A ƙasan fom ɗin an rubuta cewa duk layin da ba a cika ba a ja mishi layi don kada a ƙara wani abu, na karanta mishi wannan ma, na ce in ja? Ya ce, "A'a, a bar shi hakanan." Ya laluba takalminshi ya tafi masallaci, alhali ko kiran magariba ba a yi ba.

Na sami Inna da maganar, ta ce ita ba ruwanta, kuma in ji tsoron Allah kar in sa dattijo ya yi abin kunya da tsufanshi, me mutane za su ce in anka ji ya ba ɗan'uwanshi ɗiya sannan ya koma ya rubuta ta a takardar gwamnati. Na ce Inna wane mutane, fayil ne fa a cikin kabad. Ta ce dai in bar zancen. Na kira ƙanena mai bi min ina ganin shi ɗan boko ne zai fahimta, ashe na tsokano ma kaina. Ya ce dama ya san zaman da nake yi a gidan ba banza ba, wai tun da na ji batun fansho na fara rawar kai, wai in ina neman uba a takarda in tafi Shinkafi. Ni da nake wanke ma Malam ido tun ba a san da wata doka ba! Na kashe wayar don kar in faɗi abin da zan yi nadama, har yau ba mu sake magana ba.

Shekaranjiya na shiga mota na tafi Shinkafi wurin Baffa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ɗiyata, ubanki ba zai iya ba. In ya rubuta ki ina raye, kamar ya ƙwace abin da ya ba ni ne." Na ce to Baffa kai ka yi mishi magana mana, ka ce ka yafe. Sai idonshi ya kawo ruwa, ya ce shi ma bakinshi ba zai iya furta ya mayar da ni ba, ni ce ɗiyarshi ta fari ko duniya ta ƙi. Haka na baro shi. Kun ga ni ke nan, uba biyu kowa yana jin kunyar ɗan'uwanshi a kaina, Baffa ɗan kasuwar dabbobi ne bai da fayil, gadonshi kuma na ɗiyan cikinshi ne, mai fayil ɗin kuma ya ce ni ɗiyar Alhaji ce.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ina buƙatar abin, marayu uku ba wasa ba ne, kuma ban san inda zan dosa ba ranar da babu Malam. Amma wallahi ba shi ke hana ni cin abinci ba. Dokar ma ta yiwu ba za ta wuce ba. Abin da ke ci na shi ne shekara talatin da takwas ina jiran mutumin nan ya ƙirga ni cikin ɗiyanshi sau ɗaya tak, ga dama ta zo har gida, daga ni sai shi a zaure, ba mai ji, ya tsallake ni.

Fom ɗin yana cikin jakata, da sa hannunshi, ran Litinin za a mayar. Malam mutum ne da bai taɓa barin layi a buɗe a rajista ba, amma wannan ya ce kar a ja. Wata zuciyar tana ce min ya bar min ne in rubuta abin da bakinshi ya kasa faɗa, wata kuma tana ce min ke dai kina lallashin kanki ne, kuma cin amanar makaho ne ki ƙara mishi abin da bai ce ba. Don Allah iyayena da ke cikin zauren nan, musamman waɗanda sunka ba da ɗa riƙo, ku faɗa min gaskiya, in uba ya yi haka me yake nufi? In rubuta, ko in mayar da shi a buɗe, ko in cire kunya in durƙusa gabanshi in tambaye shi? Ta ukun nan ita nake so, ita kuma nake tsoro, don in na tambaya ya sake cewa a bar shi hakanan, ban san da wace fuska zan ɗiga mishi magani washegari ba.