Giwarka da Barewata

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko da ya sauka a kan busasshiyar ƙasar zuciyata, mijina kuma abokin gardamata.

Na ɗauko biro ne don a waya ka iya tsere mini. Yau ka ce caji ya ƙare, gobe ka ce mai gashin ƙashi ta shigo, jibi ka ce Yaya na kiranka. Takarda kuwa ba ta da maɓallin kashewa. Don girman Allah ka karanta ta har ƙarshe, ko da tsaki za ka riƙa ja a kowane layi.

Ya hannun, masoyina? Ya zafin ɗinkin? Tun ranar da injin yankan katako ya kama hannunka na hagu, tun da ka tare a gidan wanka Yaya don ka kusanci asibitin da ake yi maka gashi, gidanmu ya zama kamar gulbin da ruwa ya janye ya bar yashi. Kujerar da ka fara haɗa mana tana nan a bakin taga, ƙafa uku a kafe, ta huɗu a jingine da bango. Nakan share ƙasa in zagaye ta, ban yarda kowa ya gusar da ita ba. Ƙamshin katako da kake shigowa da shi a rigarka ya fara barin ɗakin, ni kuwa ina bin sa kusurwa-kusurwa kamar ƙudan zuman da ya ɓatar da furensa. Wayyo ni! Wa ya gaya maka ana saba wa rashinka?

A wayarmu ta ƙarshe ka faɗi maganganu biyu da har yanzu suka hana ni sakat. Ka ce kada in ƙara wahalar da kaina da zuwa. Ka kuma ce in ɗauki Giwa in ba duk wanda yake so, wai, "Mai hannu ɗaya me zai yi da na'urar gem?" Ka faɗe shi da 'yar dariya, amma ni na san dariyarka ta gaskiya, daga ciki take tasowa kamar tsawar damina. Wannan kuwa a leɓe kawai ta tsaya. Yaya ma ya gaya mini ƙwallon roba da aka ba ka don matsawa tana kan taga tana shan rana, ba ka ko kallonta. Ashe ba Giwa kaɗai kake shirin sallama ba?

Giwa fa! Ka manta ita ce ta haɗa mu? Ka tuna ranar da ka zo shagon ɗinkinmu kafa kantoci, fensir a bayan kunne, garin katako a gira? Da aka tashi hutun rana ka zauna a kan akwatin kayan aikinka, ka zaro wata baƙar na'ura mai faɗin tire, ka riƙe ta hannu bibbiyu kamar mai karɓar jariri. Dariya ta kuɓuce mini. Na ce, "Malam kafinta, wannan gem ne ko murfin akwati?" Ka ɗago ka dube ni, sai idonka ya faɗa kan tawa 'yar ƙaramar da ke leƙowa daga aljihun keken ɗinki. Ka ce, "Au, ashe ke ma 'yar hannu ce. To amma wannan taki ai ta yara ce, Malama." A ranar na raɗa wa taka suna Giwa saboda nauyinta, kai kuma ka kira tawa Barewa, wai ba ta iya komai ba sai tsalle-tsalle. Aikin yini guda ya ƙi ƙarewa. Kullum sai ka dawo da sabon dalili, yau ƙusa ta karkace, gobe fenti bai bushe ba, har uwar ɗakina ta gaji ta ce, "Wai kafintan nan kanta yake kafawa ko gida yake nema?"

Tun daga nan ba mu daina wannan gardama ba, kuma wallahi ban taɓa jin gardama mai zaƙinta ba. Kai kullum maganarka yawa da girma. Ka ce rumbun wasannin Giwa teku ne, ko mutum zai shekara yana iyo ba zai ga gaɓa ba: na yaƙi, na mota, na gina birane, har da tsofaffin da ka buga kana yaro. Ka matso da allon kusa da fuskata ka ce in dubi yadda ɗigon ruwan sama ke gangarowa a gilashin mota, in dubi yadda ciyawa ke kwanciya idan iska ta bi ta kanta. Ni kuma in ce na gani, amma Giwarka ba ta iya yin nisa da soket, cin caji gare ta kamar gara ta samu katako, fankarta na huci, bayanta na zafi har sai tafin hannunka ya yi gumi. Barewata fa? In caja ta da safe, in jefa ta a jaka, ta raka ni layin asibiti, ta raka ni tasha, ta dawo da ni gida da sauran numfashinta. Wasanninta ba su kai naka yawa ba, na yarda, amma kowanne an yi masa aiki kamar rigar da aka ɗinka da awo. Wasan lambun nan nawa, da na ɗan aike mai keke da ke tsallake rufin gidaje, ka duba tekunka kaf ba za ka same su ba. Kai ma ai na kama ka kana shayar mini da shukokin lambuna ranar da na bar ta a kan gado. Ka ce wai gwada nauyinta kake yi!

To saurara, hasken gidana, ka ji abin da matarka ta aikata bayan wayar nan.

Ban ba kowa Giwa ba. Na ciro ta daga durowar da ka kulle ta, na goge ta, na sa mata caji. Sannan na ɗauko wani ƙyalle cikin ragowar yadin shago, na naɗe hannuna na hagu, na ɗaure shi a ƙirjina yadda na ga an ɗaure naka. Na ce ba zan yi maka wa'azin abin da ban ɗanɗana ba. Kullum idan na taso daga aiki, kafin in ɗora girki, sai in zauna da na'urorin biyu a gabana in bi wasanninsu ɗaya bayan ɗaya da hannun dama kaɗai.

Da farko na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Ba don gem ba. Buɗe murfin da ake saka katin wasa kawai ya gagare ni, sai da na sa haƙori. Nan na gane yadda kake fama da maɓallin riga kowace safiya, kai da ba ka taɓa neman a miƙo maka ko guduma ba. Na gane abin da ya sa muryarka ta koma kamar rijiyar da aka rufe da faifai. Ka yafe mini duk lokacin da na ce maka "ka yi haƙuri" da baki mai sauƙi.

Da na share hawaye na koma bakin aiki, na shiga da yaƙinin Barewa za ta lashe. Ga ta ba nauyi, ga hannayenta ana zare su a jingine allon a kan tebur. Amma kash! Wasanninta da nake taƙama da su duk na gudu da tsalle ne, yatsan hagu na tuƙi, na dama na dira. Ɗan aikena mai keke ya yi ta faɗowa daga rufi har na ji tausayinsa. Lambun kaɗai ya karɓe ni da hannu ɗaya.

Sai na juya kan Giwarka ina harararta. Na ɗora ta a kan matashi don nauyin ya bar hannuna, na shiga saitinta, sai ga abin mamaki: kowane maɓalli ana iya sauya masa aiki, har da ƙananan nan na baya da nake cewa ado ne kawai. Na kwashe aikin hagu na mayar dama. A cikin tekun nan naka da nake yi wa ba'a na tarar da wasanni birjik waɗanda ba sa gaggawa, suna jiran mutum ya yi tunani kafin ya taɓa. Akwai na gina gada, inda ake auna katako a kafa ginshiƙi a ga ko mota za ta haye. Gadojina duk sun rufta cikin kogi, kuma kowace ta rufta sai in ji kamar kana bayana kana cewa, "Ina aka taɓa kafa ginshiƙi a nan, Malama?"

Don haka buɗe kunnenka da kyau, domin ba zan maimaita ba, kuma idan ka gaya wa uwar ɗakina zan musa: a wannan karon Giwa ta ka da Barewa. Ka ci gardamar, angona. Ka ci! Ban taɓa sanin faɗuwa na da daɗi haka ba.

Wasa ɗaya ne ya ƙi. Na jirgin ruwan nan da ka fi so, wanda ka bari a bakin mashigin duwatsu kafin tsautsayin ya faru. Shi dole sai hannu biyu, hagu na riƙe da sitiyari, dama na jan filafilai. Na juya saitin ta kowace fuska, ya ƙi. Ina cikin wannan fama Goggonka ta shigo kawo mini zanenta in rage mata tsawo. Ta gan ni da hannu a ɗaure ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Ke ma injin ne?" Da na yi mata bayani ta goge ido da gefen mayafi, sannan ta gyara zama ta ce, "Matso, nuna mini inda ake dannawa."

Ka ga Goggo da tabarau a kan karan hanci, ta kama ɓangaren hagu na Giwa, ni na kama dama! Tana tuƙi tana yi wa duwatsu faɗa, wai su kauce mata ba ta son rashin kunya. Muka daki dutse, muka juya, muka koma baya-baya, ta ce laifin iska ne. Dariya har cikina ya ƙulle. Amma ka san me? Jirgin ya tafi. Mutum biyu, na'ura ɗaya, ya tafi! Da muka doshi mashigin sai na dakatar da wasan. Goggo ta ce, "Ah, yanzu da hannuna ya faɗa?" Na ce mata wannan mashigin yana da mai shi.

Ya kai wanda nake kallo in ji kamar an buɗe taga a ɗaki mai zafi, me ya sa kake zaton hannunka na aura? Da hannu nake so, ai kafintoci sun cika gari. Na auri mutumin da ke tsayawa ya shafa katako kafin ya yanka shi, mutumin da zai yi awa yana kare na'urarsa da dogon bayani sannan ya tashi ya sa wa tawa caji ba tare da na roƙa ba. Wannan mutumin injin bai taɓa shi ba. Likita ya ce yatsun za su iya dawowa idan ka motsa su. Ko sun dawo duka, ko rabi, ko sun ƙi, ni ina nan kamar yadda tushe ke nan ko an sare reshe. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne ka rufe ƙofa ka bar ni a waje, kana cewa don kada in wahala. Wace wahala ce ta kai wannan?

Saboda haka ba izini nake nema ba, sanarwa ce. Ranar Asabar ina tafe a motar safe. Na riga na gaya wa Yaya, ya ce ko ka ɓuya a bayan ƙofa zai nuna mini inda kake. Zan zo da Giwa, da matashin da na ɗinka mata daidai cinyarka, da Barewa ma don kada ta yi fushi. Za ka ɗauko ƙwallon nan daga taga ka matsa ta a gabana, ina ƙirgawa, kana ƙorafi. Bayan nan mu zauna kafaɗa da kafaɗa, ka kama dama, in kama hagu, mu shiga mashigin nan tare. Na san za mu daki duwatsu. Na san za ka ce ban iya tuƙi ba, ni kuma in ce kai ne ba ka saki filafilai da wuri ba. Ina ɗokin wannan faɗan kamar yadda shuka ke ɗokin hadari.

Duk ranar da yatsunka suka yi ƙarfi ka ce in sakar maka sitiyarin, zan saka da murna. Amma gefenka na hagu, nan ne wurin zamana, kuma babu ranar tashi.

Taka a yau, taka a gobe, taka har numfashi ya ƙare,

Matarka.