Waken da Ya Ƙone a Gonar Bayan Gari

Zuwa ga Yayata, Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya kai haske kabarinki, na zo miki da ƙorafi ne, Yaya, don ban san wanda zan kai wa ba.

Kin bar mini 'yarki Shamsiyya, kika ce amana ce, kada karatunta ya lalace. Ban taɓa hana ta zuwa makaranta ba, ko ranar kasuwa. Tana aji uku na ƙaramar sakandare nan Daudawa, littattafanta cike da rubutu mai kyau. Ni da na tsaya a firamare, in na gani sai in ji daɗi.

Da waken gonar bayan gari ya fara fure, ita kaɗai ce gonar da muke iya zuwa yanzu, maigidana Malam ya sayo maganin feshi. Ya miƙa mata kwalbar, tunda ita ce 'yar boko, ta gaya masa murfi nawa ake zubawa a tanki. Ta daɗe tana kallon takardar da ke jikin kwalbar. Kunya ta hana ta cewa ba ta gane ba, sai ta faɗi abin da ya zo bakinta. Yaya, ganyen ya ƙone kamar an bi shi da wuta.

Na sa hijabi na tafi makarantar. Malamin aikin gona ya ce shi noma yake koyarwa, karatu na malamin Turanci ne. Na Turanci ya ce awo na malamin lissafi ne. Na kwamfuta kuwa, hoton kwamfutar kawai ya zana musu a allo. Kowa ya riƙe nasa, yarinya ta faɗa tsakani. To, kwalbar nan ta malamin wane darasi ce?

Ke ma aikin gona kika koyar. Na tuna ki da igiya mai ƙulle-ƙulle, yara na auna tsakanin kunya da kunya a gonar makaranta. Buhun taki kike shimfiɗawa, kowa sai ya karanta layi ɗaya kafin ya fita hutun tara. Wayarki kike ba su, su ɗauki hoton tsutsa su nemo sunanta. Kikan ce, "Mi za ni yi da yaron da ya san sunan taki, bai iya karanta buhunsa ba?"

Ba waken ke ci mini rai ba. Tun ranar ba ta ƙara ɗaga ido ta kalli Malam ba, jiya kuma ta ce ita ta haƙura da makaranta.

Ban yarda ba. Na ciro igiyarki daga ƙasan akwati, na wanke kwalbar nan na aje. Da la'asar za mu zauna a tabarma, ni ina haɗa baƙi da ƙyar, ita tana gyara mini. Sai mun gane murfi nawa ne.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya ba ni ikon riƙe abin da kika bar mini.

Ƙanwarki mai kewarki,
Binta