Tambayar da Na Kasa Yi wa Baba

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya zafin Sakkwato? Mu nan Haɗejiya alhamdu lillahi, ruwa ya janye, an fara yankan shinkafa a Auyo.

Na kai Baba Kano gwajin hanjin nan da kika matsa a yi masa, wanda ake zura na'ura mai kyamara. Kin san kunnensa ya yi nauyi, shi ya sa likita ya riƙa bi ta kaina. Da ya ce in tambayi Baba ko yana jin ƙaiƙayi ko ganin jini a dubura, wallahi bakina ya ƙi buɗuwa. Ta yaya zan ɗaga murya in yi wa mahaifina wannan tambayar? Sai kawai na ce wa likita babu.

Allah ya taimake mu likitan bai tsaya a kan maganata ba. Wajen zare na'urar ya duba wurin da kyau, ya ga wani ɗan tabo. Da aka gwada, aka ce bai zama ciwon daji ba tukuna, amma da an bar shi zai iya zama. An cire shi, za mu riƙa komawa ana dubawa.

Da muka dawo gida Baba ya ce tun farkon damina yake fama, yana shan jiƙon basir a ɓoye. Na ce me ya hana shi faɗa? Ya ce, "Wa ya tambaye ni?"

Yaya, har yau na kasa haɗa ido da shi. Ki sa mu a addu'a, musamman ni. Ki gaida mutan gidan duka.

Ƙaninki,
Sani