Ragowar Maganin Kunne

Daren Juma'a, Rimawa.

Yau liman ya yi kabbarar ruku'u, sahu duka sunka duƙa, ni kaɗai ina tsaye. Ban ji ba. Shekara arba'in ina salla bayan liman, yau sai da anka ja mini riga.

Tun ran da anka ba ni maganin ciwon kunne a asibiti ɗiyata Hadiza ta ce, "Baba, likita kwana bakwai yac ce a riƙa ɗiga maganin nan." Nic ce mata mi ya sani? Kwana uku ciwon ya lahwa, na ba maƙwabcina ragowar kwalbar, na koma ga ruwan albasa irin na tsohona. Ga mugunya ta dawo.

Gobe Hadiza za ta mai da ni asibiti Goronyo. Ban ce mata tana da gaskiya ba. Na dai ce ta buga mini ƙohwa da asuba, don ladan ma na bar jin shi.