Suna Son Fuskar Mijina a Hoton Kirsimetinsu

Anti Gwen, don Allah ki agaje ni da shawara kafin ƙarshen Nuwamba, don har an riga an sayo rigunan sanyi.

Mijina Wendell ma'aikacin lantarki ne. Shekarun baya wayar wuta ta faɗo masa a fuska, ya rasa hanci da leɓɓa da kumatu. Ya daɗe yana cin abinci ta bututu, ba ya fita sai da ƙyalle a fuska. Bara aka yi masa dashen fuska. Likitoci ba su ɓoye mana komai ba: zai sha magani har ƙarshen ransa, maganin zai raunana masa garkuwar jiki, yana iya taɓa ƙoda, kuma wata rana jikin yana iya ƙin fuskar gaba ɗaya. Wendell ya ce ya ji, shi dai so yake ya sake gatsar gasasshiyar masara. Ya sa hannu.

Fuskar ta wani saurayi ce mai suna Cody, wanda ya rasu a haɗarin babur. Mahaifiyarsa Arlene ce ta amince aka ba mu. Mun haɗu da ita a asibiti, aka sha kuka, na ce ta leƙo gida duk lokacin da ta ga dama. Kin san mu 'yan jihar Minnesota, wannan magana ce ta fatar baki, ba a taɓa yin wanda ya zo ba. Arlene ta zo. Duk Lahadi tana tafe da kwanon dankali da cuku.

Mutuniyar kirki ce, ba zan yi mata ƙarya ba. Sai dai ba Wendell take zuwa gani ba. Akwai ɗan tabo a haɓar, wanda Cody ya samu yana yaro wajen wasan zamiya a kan ƙanƙara, takan shafa shi ta ba mu labarin ranar, har na haddace. Gemun da ke tsirowa ja ne, alhali gashin kan Wendell baƙi ne. Da ya aske, sai ta ce Cody bai taɓa askewa ƙwal ba. Ta same shi yana yankan ciyawa ba hula, ta balbale shi da faɗa wai bai san darajar abin da aka ba shi ba. A nan kam ta yi gaskiya, likita ma ya hana shi shiga rana. Wani lokaci takan kira shi Cody. Yana amsawa.

To, yanzu ga hoton da iyalin Arlene suke ɗauka kowace shekara su aika wa dangi a katin Kirsimeti. So take Wendell ya tsaya a gurbin Cody, tsakanin ƙannen marigayin mata, kowa da riga iri ɗaya mai hoton barewa. Jikokinta kullum ba a rasa mai majina a cikinsu, kuma mura ta taɓa kwantar da Wendell a asibiti. Ni kuma an ce ni zan ɗauki hoton. Na tambaye shi ra'ayinsa, ya ce ta yaya zai ce wa matar nan a'a da leɓɓan ɗanta.

Haushi nake ji, Anti, kuma ina jin kunyar haushin. Mun haura shekara ashirin da aure. Idan zan fita aiki nakan sumbace shi a ƙeya, don ita dai na san tamu ce. Zan iya hana hoton nan ba tare da na zama butulu ba?

Mai Riƙe da Kyamara, Duluth

Mai Kyamara,

Fara da mura. Ki kira likitansa ki faɗi yawan yaran, abin da ya ce shi za a yi. A wannan babu kara.

Arlene kyauta ta yi, ba aro ta bayar ba, kuma godiya ba ta wajabta wa mijinki zama wani mutum. Amma ki tausaya mata. Sauran iyaye kabari suke ziyarta, ita kuwa an bar mata kunci mai ɗumi a cikin gari. Da ni ce, ban sani ba ko zan iya jira har Lahadi. Asibitin da ya yi aikin yana da masu kula da iyalan da suka ba da irin wannan kyauta, ki roƙe su su neme ta. Ziyarar ta koma wata-wata, kuma ku faɗa mata ku biyu, da bakinku, ba irin faɗarmu ta Minnesota ba.

A gurbin Cody, ƙannensa su riƙe hoton Cody. Idan likita ya yarda kuma Wendell yana so, ya tsaya a gefe da rigar kansa, matarsa a kusa da shi, a rubuta sunansa a ƙasa. Kyamara a ba maƙwabci.

Saura maganar ƙeya, wadda kika saƙala a ƙarshe kamar ba komai ba. Mijinki ya jefa ransa cikin haɗari don a sake kallonsa ido da ido. Yau mutum ɗaya ce tak ke taɓa fuskar nan, kuma sunan wani take kira. Kada ki yi mamaki don ya amsa. Jinin da ke gudana a kumatun na Wendell ne, kuma idan aka taɓa, shi ne yake ji. Gobe da safe ki zagayo ta gaba.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya sanyaya zuciyar Arlene, ya ba ku Kirsimeti ba mura.

Gwen