Ƙofar Shafin Baba

Zuwa ga Yayana Desmond,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa wannan wasiƙa ta same ka lafiya, kai da Noreen da yara, ya kuma sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan da kake ɓoye mana. Mu nan Halifax lafiya lau. Mama tana nan da ƙarfinta, ranar Lahadi ma ta soya mana kifi da dankali tana mitar cewa Ostireliya ta cinye mata ɗa.

Ni ce dai na kasa zaune na kasa tsaye. Ka san aikina a ma'adanar tarihi: ni na rubuta manhajar da ke yawo shafi-shafi a intanet tana kwafo abin da za a adana. Abu na farko da na koya mata shi ne ladabi. Kafin ta shiga kowane shafi sai ta duba 'yar sanarwar da mai shi ya ajiye a bakin ƙofa, in an ce kar a shiga, ta juya. Na sha rigima da mutane a kan wannan, har 'yar sanda suke ce mini a ofis.

To, kamfanin da ke riƙe da shafin marigayi Baba zai rufe ƙarshen watan nan. Hotunan jiragen kamun kifin garinmu, sunayen mutanen da teku ta ci, duk abin da ya yi shekaru yana bugawa da yatsa biyu, za su tafi. Na tura manhajar ta kwaso, ta je ta duba, ta dawo hannu rabbana. An rubuta kar a shiga.

Abokin aikina Hollis ya yi ta dariya, wai ɗiyata ta ƙi shiga gidan kakanta. Ya ce in kashe dokar na ɗan lokaci mana, shafin ubana ne, wa zai kai ni ƙara? Yaya, har hannuna ya kai. Na tashi na haɗa shayi, na bar shi ya huce, na sake haɗa wani. Na riga na kwafe shafin da hannu don mu na gida, amma ma'adana ta duniya ce, abin da ya shiga kowa zai gani har abada.

Kai ka gina masa shafin. Masu sana'armu kan rufe ƙofa lokacin gini su manta ba su buɗe ba, kai kuwa ko makullin motarka sai an nemo maka. Amma Mama ta ce matar marigayi Alton, wanda jirginsa bai dawo ba, ta taɓa zuwa tana kuka a kan hoton mijinta, Baba ya yi mata wani alkawari. Ko na mene ne, Mama ba ta ji ba, matar kuma ta rasu. Saura kai kaɗai.

Don Allah ka zauna ka tuna, ka ba ni amsa kafin wata ya ƙare: rufe ƙofar nan mantuwarka ce ko umarninsa? Kar ka faɗa mini abin da ka san ina son ji. In mantuwa ce, ka buɗe. In Baba ne ya rufe, zan zuba ido in ga shafin ya mutu, duk da zai yi mini ciwo kamar ranar da muka binne shi.

Ka gaida Noreen da Callum da 'yar auta Bridie. Mama ta ce ka kira ta.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Corinne