Waƙar Sa'adatu da Aka Janye

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya ƙafar taki, ta yi sauƙi? Mu nan Dutsin-Ma lafiya lau, sai gajiya.

Kin san shekara biyu ke nan ina tura wa mujallu waƙoƙin Sa'adatu ta marigayi Yaya Lawal, suna ƙin karɓa. Watan jiya wata mujalla ta karɓi wadda ta rubuta a kan gonar waken babanta. Murna ta ɗebe ni, na ɗora waƙar gaba ɗayanta a shafina na intanet don dangi su gani. Shekaranjiya editan ya rubuto cewa ba sa buga abin da ya riga ya fita. Sun janye ta.

Jiya na hau mashin na je Kurfi na gaya wa Sa'adatu. Ta ce, "Baffa, ba kai ne kake hana mu nuna wa kowa rubutunmu kafin a buga ba?" Na ce ni ne. Ta ce, "Ita kaɗai na rubuta wa Baba. Ba ni da wata."

Na goge waƙar daga shafin, na ba editan haƙuri, har yanzu shiru. Yau Asabar 'yan ajin rubutun da nake koyarwa duk sun zo, ban da Sa'adatu.

Don Allah ki kira ta, tana jin maganarki. Ki sa mu a addu'a, ki gaishe min da mutanen gidan.

Ƙaninki,
Sani